Dian Fossey: Matar da ta ƙidaya goggon biran Ruwanda, aka kashe ta a tsakiyarsu

A safiyar ranar 27 ga watan Disamba na shekarar 1985, ma'aikatan wani sansanin bincike da ke saman duwatsun arewacin Ruwanda suka tarar da gawar uwargijiyarsu a ɗakinta, an sare ta da adda a ka. Sunanta Dian Fossey, Ba'amurkiya ce mai shekara 53, kuma ta shafe kusan shekara 18 tana bin sawun goggon biran dutse, waɗanda ake kira gorilles de montagne da Faransanci. Har yau ba a tabbatar da wanda ya kashe ta ba.

A lokacin mutuwarta, biran da suka rage a tsaunukan Virunga, inda Ruwanda da Yuganda da Kwango suka haɗa iyaka, ba su kai 300 ba, kuma masana da dama na ganin ba za su ga ƙarshen ƙarnin ba. Ƙidayar da aka yi a 2016 ta samu 604. Mutane da yawa na danganta wannan farfaɗowa da Fossey, kuma akwai gaskiya a ciki. Sai dai wani babban kaso na nasarar ya fito ne daga hanyar da ita kanta ta yaƙa da dukan ƙarfinta.

An haife ta a birnin San Francisco ranar 16 ga watan Janairu na 1932. Iyayenta sun rabu tana ƙarama, uwar ta sake aure, mijin uwar kuwa bai ja ta a jiki ba. Ta taso da son dabbobi, musamman dawaki. Ta shiga karatun likitan dabbobi a jami'ar California da ke Davis, amma darussan kimiyya suka kayar da ita, sai ta koma kwalejin San Jose, ta koyi aikin taimaka wa marasa lafiya da naƙasassu su sake amfani da gaɓoɓinsu. Ta kammala a 1954, ta kama aiki a wani asibitin yara naƙasassu da ke Louisville a jihar Kentucky. Da rayuwarta ta tsaya nan, da babu wanda zai san ta a waje.

A 1963 ta ci bashin dala 8,000, kwatankwacin albashinta na shekara guda, ta yi balaguron mako bakwai a Afirka. A kwazazzabon Olduvai na Tanzaniya ta haɗu da Louis Leakey, masanin nan da ke tonon ƙasusuwan mutanen farko. Leakey yana da ra'ayin cewa ba za a fahimci asalin halayen ɗan Adam ba sai an zauna shekara da shekaru ana kallon manyan birai a dajinsu, kuma tun 1960 ya tura Jane Goodall zuwa Gombe, wani daji a gaɓar tafkin Tanganyika, domin nazarin cimfanzi. Fossey ta ji rauni a idon sawu a Olduvai, amma da ɗingishi ta hau dutsen Mikeno na Kwango, inda masu ɗaukar hoto Alan da Joan Root suka nuna mata goggon biri karon farko.

Bayan shekara uku Leakey ya je Louisville yin lacca, ta tare shi. Ya ce mata duk mai son zama a daji nesa da asibiti gara a cire masa afendis tukuna. Ta je aka yi mata aikin. Daga baya ne ta gane gwaji ne kawai yake yi mata. A watan Disamba na 1966 ta sauka a Nairobi, ta leƙa wurin Goodall ta ga yadda ake aikin, sannan a farkon 1967 ta kafa tanti a Kabara, wani fili a gefen dutsen Mikeno. A wurin ne masani George Schaller ya yi nazarin biran a 1959 da 1960, a nan ne kuma kabarin Carl Akeley yake, Ba'amurken da ya fara da harbin gorila domin gidan tarihi, ya koma ya roƙi Sarki Albert na Beljiyam har aka kafa gandun a 1925, na farko a nahiyar Afirka.

Zaman Kwango bai wuce wata shida ba. A watan Yuli na 1967 rikicin sojojin haya ya ɓarke a gabashin ƙasar, sojoji suka sauko da ita daga dutsen suka tsare ta mako biyu a Rumangabo. Ta yaudare su da cewa sai ta je Kisoro na Yuganda ɗauko kuɗin rajistar motarta, tana tsallaka iyaka kuwa ba ta koma ba.

Karisoke

Ranar 24 ga watan Satumba na 1967 ta kafa tantuna biyu a ɓangaren Ruwanda, a wani kwari mai tsayin kusan mita 3,000, tsakanin dutsen Karisimbi da na Visoke. Ta ɗauki farkon sunan ɗaya da ƙarshen ɗayan ta haɗa Karisoke. Wuri ne mai sanyi da ruwan sama da hazo, ƙasa taɓo, ga ganye mai tsananin ƙaiƙayi da ya fi mutum tsawo. Mutanen yankin suka laƙaba mata Nyiramachabelli, wanda ake fassarawa da matar da ke zaune ita kaɗai a daji ba miji.

Biran Ruwanda ba su san komai game da mutum ba sai mashi da karnukan farauta, don haka da sun ji motsi sai gudu. Fossey ta lura cewa tsayuwa a miƙe tana zura musu ido na firgita su. Sai ta koma rarrafe, tana kawar da kai, tana sosa jiki, tana tauna ganyen da suke ci, tana kwaikwayon wani gurnani mai kama da gyatsa da suke yi idan hankalinsu a kwance yake. An ɗauki shekaru. A 1970 wani matashin biri da ta raɗa wa suna Peanuts ya miƙo hannu ya taɓa nata, mai ɗaukar hoto Bob Campbell yana wurin. A watan Janairu na wannan shekara mujallar National Geographic ta sa hotonta a bango, duniya ta san ta.

Hotunan ne suka yi suna, amma aikin da ya fi amfani ba shi da wani armashi a ido: ƙidaya. Kowane gorila yana da tsagen hanci irin nasa, kamar yadda zanen yatsa ya bambanta tsakanin mutane. Fossey ta riƙa zana hancin kowane ɗaya a littafi, ta ba shi suna, ta rubuta uwarsa da garkensa da ranar da ta gan shi. Daga wannan rajista aka san cewa mace kan haihu kusan sau ɗaya ne a shekara huɗu, bayan ciki na wata takwas da rabi, kuma ba ta fara haihuwa sai ta kai kimanin shekara goma. An san cewa mata kan bar garken da aka haife su su koma wani. An kuma san wani abu mai muni: idan babban namiji mai furfurar baya, wanda shi ne uban garke, ya mutu, namijin da ya gaji matan yakan kashe jariran da ya tarar. Ma'ana, maharbin da ya kashe uban garke ɗaya ya kashe fiye da ɗaya, kuma dabbar da ke haihuwa a hankali haka ba ta mayar da asara da wuri.

Garkunan da ba su saba da mutum ba kuwa, ba a ganinsu balle a lissafa. Dabarar da Schaller ya fara amfani da ita, ɗaliban Karisoke suka faɗaɗa, ita ce ƙidayar makwanci. Kowane gorila da ya fita daga goyo yakan lanƙwasa ganye da rassa ya yi sabon makwanci duk dare, kuma yawanci yakan bar kashi a ciki ko a gefensa. Masu ƙidaya sukan bi sawun garke har su kai inda ya kwana, su ƙirga makwantan, su auna kaurin kashin domin sanin babba ne ko yaro. Farin gashi a makwanci alamar uban garke ce. Ƙaramin kashi kusa da babba yana nuna uwa da jaririnta. Ana neman makwantan dare biyu ko uku na garke ɗaya kafin a yarda da adadin, domin kada a ƙirga garke guda sau biyu. Aiki ne na watanni, a ƙafa, kwazazzabo bayan kwazazzabo, kuma ƴan Ruwanda masu bin sawu ne ke gaba, ko da yake ba kasafai sunayensu ke fitowa a rahotanni ba.

Sakamakon ya tayar da hankali. Schaller ya kiyasta biran Virunga tsakanin 400 zuwa 500 a 1960. Ƙidayar da aka yi daga 1971 zuwa 1973 ta samu kimanin 275. Ta 1981 ta sauka zuwa 254. Ba don waɗannan alƙaluma ba, da babu gwamnati ko ƙungiyar da za ta yarda cewa dabbar na dab da ƙarewa. Ana cikin wannan aiki ne Fossey ta riƙa kai da komo zuwa jami'ar Cambridge ta Ingila, inda ta samu digirin digirgir a tsakiyar shekarun 1970.

Yaƙi da maharba da makiyaya

Abin da ke cin biran ba abu ɗaya ba ne. Ruwanda ƙasa ce ƙarama mai cunkoson jama'a, gonaki sun kai har bakin gandun. A ƙarshen shekarun 1960 gwamnati ta yanke kusan kashi 40 cikin ɗari na Parc National des Volcans domin noman wani fure da ake yin maganin ƙwari da shi, da tallafin kuɗin Turai. Makiyaya suna shiga da dubban shanu suna tattake abincin biran. Maharba kuma suna ɗana tarkon igiya da na waya domin kama gada da mazo, ba domin biri ba, amma tarko bai san bambanci ba: yakan kama hannun ɗan biri ko ƙafarsa, wurin ya ruɓe. Ga kuma kasuwar kawuna da tafukan gorila da baƙi Turawa ke saye a matsayin tsaraba, da gidajen namun daji na waje da ke neman jarirai. Gorila ba ya sakin ɗansa da rai, don haka kama jariri ɗaya na nufin kashe manya da dama.

Fossey ta ga haka da idonta a 1969, lokacin da aka kama jarirai biyu domin gidan namun daji na birnin Cologne a Jamus. Sun iso hannunta rai a hannun Allah, ta yi jinyarsu a ɗakinta har suka warke, ta kira su Coco da Pucker. Ta roƙi a bar ta ta mayar da su daji, hukuma ta ƙi. An kai su Jamus, dukansu biyu suka mutu a 1978.

Masu gadin gandun na gwamnati albashinsu kaɗan ne, ba su da takalma balle makami, wasunsu kuma suna cin hanci daga maharba. Fossey ta ɗauki nata mutane, ta saya musu takalma da rigunan ruwa, ta tura su sintiri. Cikin wata huɗu a 1979, ƴan sintirinta huɗu kacal sun lalata tarko 987. Wannan sintiri na kullum, da sanin inda kowane garke ya kwana, shi ne ginshiƙin kare biran har yanzu.

Amma ba ta tsaya nan ba. Ta harbe shanun makiyaya, ta kwashe wasu ta tsare. Ta ƙona kayan maharba da bukkokinsu. Waɗanda aka kamo mata ta sa an tuɓe su an zane su da ganyen ƙaiƙayi. Ta riƙa sanya abin rufe fuska mai ban tsoro domin a ɗauke ta mayya, ta taɓa riƙe yaron wani maharbi a sansaninta, abin da ya kai ga hukuma ta ci ta tara. Ta kuma hana ma'aikatanta baƙaƙe kusantar biran, bisa tunanin cewa idan suka saba da baƙar fata za su saki jiki da maharba. Ko da an fahimci tsoron nata, sakamakon shi ne a tsawon shekarunta a kan dutsen ilimin biran ya kasance a hannun baƙi, ƴan ƙasa kuwa aikinsu ɗaukar kaya da bin sawu. Duk wanda ya san yadda ake takun saƙa tsakanin makiyaya da ma'aikatan gandun daji a yankinmu zai iya kwatanta abin da ke zuciyar mutumin da baƙuwa ta harbe masa saniya a ƙasar kakanninsa saboda biri.

Digit

A cikin biran akwai wanda ta fi so. Ta same shi yana ƙarami a 1967, ta kira shi Digit, wato yatsa da Ingilishi, saboda wani yatsansa da ya lalace. Ya girma yana zuwa ya zauna kusa da ita, yana taɓa littafinta da alƙalaminta. Hotonsa ne hukumar yawon buɗe ido ta Ruwanda ta buga a allunan talla.

Ranar 31 ga watan Disamba na 1977 maharba da karnukansu suka ci karo da garkensa. Digit ne mai gadi a ranar. Ya tsaya ya tare su har sauran suka tsere, ya kashe kare ɗaya, aka soke shi da mashi sau biyar. An yanke kansa da tafukansa, ance an sayar a kan kusan dala 20. Ɗalibinta Ian Redmond ne ya gano gawar. Gidan talabijin na CBS ya sanar da mutuwar a labaran dare a Amurka, abin da ba a saba yi wa dabba ba. A watan Yuli na 1978 aka harbe uban garken, Uncle Bert, da wata uwa mai suna Macho, ɗanta Kweli ya samu raunin harsashi ya mutu bayan watanni. Garken da ta bi fiye da shekara goma ya tarwatse.

Ta kafa asusu da sunan Digit domin biyan ƴan sintiri. A nan ne ta raba gari da sauran masu kare biran. Biyu daga cikin waɗanda suka yi aiki a Karisoke, Bill Weber da Amy Vedder, sun zagaya ƙauyukan da ke kewaye da gandun suna tambayar manoma, suka ga cewa muddin dajin bai kawo wa Ruwanda kuɗi ba, wata rana sai an sare shi, kuma a lokacin akwai shirin sake yanke wani ɓangare domin kiwon shanu. A 1979 aka kafa shirin Mountain Gorilla Project da tallafin ƙungiyoyin waje, bisa ginshiƙai uku: horar da masu gadi na gwamnati, wayar da kai a makarantu, da saba wa wasu garkuna da mutane domin masu yawon buɗe ido su biya su gan su. Fossey ta ɗauki wannan cin amana. A ganinta kuɗin da aka tara da jinin Digit ya tafi ga motoci da ofisoshi, masu yawon buɗe ido kuma za su kawo wa biran hayaniya da cututtuka.

Dangantakarta da hukumomin Kigali da masu ba ta kuɗi ta yi tsami, lafiyarta ta taɓarɓare saboda ciwon huhu, domin mai yawan shan taba ce. A 1980 ta koma Amurka ta koyar a jami'ar Cornell, ta kammala littafinta Gorillas in the Mist wanda ya fito a 1983. A wannan shekara ta koma Karisoke, amma numfashi ba ya barinta hawa inda biran suke sai jefi-jefi.

Wanda ya kashe ta ya huda bangon ɗakin ne ya shiga. Bai ɗauki kuɗinta ko fasfo ba. An kama ma'aikatan sansanin, ɗaya daga cikin tsofaffin masu bin sawunta ya mutu a gidan kaso, hukuma ta ce rataye kansa ya yi. A 1986 wata kotun Ruwanda ta yanke wa wani ɗalibi Ba'amurke hukuncin kisa a bayan idonsa, bayan ya riga ya bar ƙasar, shi kuwa ya musanta, kuma kaɗan ne suka gamsu da shari'ar. An yi ta zargin maharba, da masu fasa-ƙwaurin zinariya, da wasu manya a yankin Ruhengeri, ba tare da an kafa hujja a kan kowa ba. An binne ta a maƙabartar birai da ta yi da kanta a bayan ɗakinta, kusa da Digit. Wasiyyar da ta bari, wadda ta ba asusun Digit dukiyarta, ba ta sa mata hannu ba, sai wata kotun Amurka ta ba mahaifiyarta gadon. A 1988 fim mai sunan littafinta ya fito, Sigourney Weaver ta fito a matsayinta, baƙi suka riƙa tururuwa zuwa Ruwanda domin abin da ta tsana.

Kafin ƙarshen shekarun 1980 ganin gorila ya shiga sahun manyan hanyoyin samun kuɗin waje na Ruwanda, bayan kofi da ganyen shayi, maganar sare gandun ta mutu, ƙidayar 1989 kuma ta nuna 324. Yaƙin da ya fara a 1990 da kisan ƙare dangi na 1994 sun rushe sansanin Karisoke, amma masu bin sawu ƴan Ruwanda sun ci gaba da duba garkunan duk lokacin da hanya ta buɗe, wasu har daga gudun hijira. Adadin ya kai 380 a 2003, ya kai 480 a 2010. Idan aka haɗa 604 na Virunga da 459 da aka ƙirga a dajin Bwindi na Yuganda a 2018, jimillar ta zama 1,063. A yau takardar izinin ganin biran na awa ɗaya a Ruwanda dala 1,500 ce, sama da jika 800 na CFA, kuma kashi 10 cikin ɗari na kuɗin shigar gandun na zuwa ga ƙauyukan da ke kewaye, domin makarantu da rijiyoyi da asibitoci. A ɓangaren Kwango kuwa an biya farashin da jini: fiye da masu gadi 200 aka kashe a gandun Virunga.

Tsoronta game da cuta bai tashi a banza ba. Mura da tarin ɗan Adam suna kama gorila har su kashe shi, shi ya sa ba a barin fiye da mutum takwas su ziyarci garke ɗaya a rana, kuma sai sun tsaya nesa. Likitan dabbobin da ta nema kafin mutuwarta ya iso a 1986, daga nan aka samu tawagar da ke shiga daji tana cire wa birai tarko tana yi musu magani.

A iyakar Najeriya da Kamaru akwai wani jinsin gorila, na Cross River, a tsaunukan Afi da Mbe da Okwangwo, da gandun Takamanda da Kamaru ta kafa a 2008. Ba su kai 300 ba, kusan adadin da Virunga ke da shi a 1981, kuma a warwatse suke a kan duwatsu daban-daban. Farauta ta sa suna gudun mutum ƙwarai, har masu binciken da suka shafe shekaru a wurin ba kasafai suke ganinsu ba. Da makwanci da kashi, da kyamarorin da ake ɗaurewa a jikin itace, ake ƙidaya su.